Gaggafar Azurfa ta Yaya Zulai

Tun da na dawo daga Ghana ban samu na gama zobe ɗaya cikin natsuwa ba. Da na hura wuta sai wani ya leƙo rumfa ya ce, "Sale, da gaske ne a Kumasi goro a bakin titi ake tsinta?" Kafin in ba shi amsa wani ya iso ya ce, "An ce wai har Hausa suke ji?" Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kowa ya tafi da guntunsa ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi tun daga farko, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta.

Ni maƙerin azurfa ne a Zariya, amma asalinmu wani ƙauye ne da ke gindin dutse, yamma da gari. Ba yawon buɗe ido ya kai ni Kumasi ba. Yayata Zulai ce a can. Ina ƙaramin yaro wani saurayi mai suna Mumuni, haifaffen Kumasi, ya riƙa biyo motar goro yana sauka a gidanmu. Suka ga juna suka daidaita, aka ɗaura aure ya tafi da ita. Tun tana zuwa gida jefi-jefi har zuwan ya ɗauke. Bara Allah ya yi wa Alhaji Mumuni rasuwa. Da takabarta ta ƙare, Inna ta aika aka kira ni ƙauye. Inna ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi rauni, amma muryarta tana nan yadda na san ta.

"Ka je ka ɗauko mini 'yata," in ji ta. "Aure ya kai ta, aure kuma ya ƙare. Ban ce ka je ka yi shawara da ita ba. Cewa na yi ka ɗauko ta."

Da na kira Yaya a waya na ce ina tafe, ba ta tambaye ni dalili ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Auta, ka zo da kayan aikinka." Na ce na mene ne? Ta ce in na zo na gani.

Na bi motar Legas da jakar kayan ƙira a kafaɗa, ga kuma wani buhu da Inna ta sa aka cika da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, kai ka ce ba a miya a Ghana. A Agege na sauka wurin wani ɗan garinmu, washegari ya raka ni tasha na hau motar Ankara, babban birnin Ghana. Allah ya haɗa ni kujera ɗaya da wata 'yar kasuwar atamfa, Hajiya Rabi, mutuniyar Sakkwato da ta daɗe a Lome. Tana jin Yarabanci, tana jin Faransanci, tana kuma jin yaren mutanen bakin tekun nan. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, wannan ne fitarka ta farko ko? Fasfo da katin allura su zauna a hannunka. Hanyar nan sauka ta fi zama yawa."

Gaskiyarta. Ƙasashen Benin da Togo sirara ne, kafin ka gama gyara zama an ce a sauka, a taka da ƙafa, a nuna takarda, a sake hawa. A iyakar Togo na ga hannuna ya yi gumi har katin allurar ya fara laushi, sai na yi dabara na cusa shi cikin buhun Inna. Dabarar ce ta kunyata ni a iyakar Ghana. Wata jami'a ta ce in kawo katin, na zura hannu cikin buhu ina lalube, farcena ya huda ledar kuka. Na zaro hannu kore shar har gwiwa, garin ya tashi, ita atishawa ni atishawa, warin daddawa kuma ya cika wurin har layin ya ja da baya. Da ta buɗe jakata ta ga awartaki da magagari da ƙananan guduma, sai ta yi wata magana da Turanci, mutane suka fashe da dariya. Hajiya Rabi ta ce, "Tambaya take, wai ko kai mai cire haƙori ne." Na nuna mata zoben hannuna, na kwatanta yadda ake bugawa. Ta jujjuya zoben, ta karkaɗe katin, ta ce in wuce.

A Ankara muka rabu da Hajiya Rabi, na hau motar Kumasi. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a hanyar ba dazuzzukan ba ne. Manyan alluna ne a bakin titi da hotunan mutane sun sha ado. Na zaci 'yan takara ne, sai na kusa da ni ya ce ai mamata ne, sanarwar jana'izarsu ce. Su a wurinsu gawa takan daɗe a ajiye kafin dangi su taru a yi biki da kiɗa, cikin jan zane da baƙi. Na tuna yadda mu mutum zai rasu da hantsi, kafin la'asar an dawo daga maƙabarta. Da fari abin ya yi mini wani iri. Daga baya na ga ai kowa girmama mamacinsa yake yi, mu da hanzari, su da taro.

Da na sauka a Kumasi na ƙi kiran kowa, wai ni in ba su mamaki. Na tari bas ɗin haya, su trotro suke ce mata, na ce wa kwandasta, "Zango." Ya ce in hau. Aka yi ta tafiya har na ga gari yana sirancewa. Ashe zango a Kumasi ba ɗaya ba ne, duk inda Musulmi baƙi suka taru suka zauna zango ne. A Tafo aka sauke ni, ni kuwa Akwatia Line zan je, unguwar su Yaya. Wani bakanike ya gan ni tsaye da buhu ina waige-waige, ya ce da ni cikin Hausa, "Baba, ka ɓata ne?" Ban san sa'ad da na ce alhamdulillahi da ƙarfi ba. Shi ya kira mini Ayisha, babbar 'yar Yaya, wadda take aikin jinya. Ta zo a keke mai ƙafa uku, irin namu sak, su pragya suke kiransa.

"Wofa, akwaaba!" in ji ta. "Mma yana jiran ka tun safe, ya ƙi cin abinci kraa."

Na tsaya ina tunanin wane namiji ne yake jirana. Ashe uwarta take nufi. Hausar Zango ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ya" ne. Wofa kuma kawu ke nan da yaren Asante, akwaaba sannu da zuwa, kraa kuwa sam-sam. Ayisha ta ce a ƙasar nan kawu ba abin wasa ba ne, a al'adar Asante ɗan 'yar'uwa ne yake gadon mutum. Na ce to Allah ya taimake ta, ni awartaki kawai zan bar mata.

Gidan babban gidan haya ne mai tsakar gida ɗaya, ɗakuna sun kewaye shi, Dagomba da Mosi da Zabarmawa da Hausawa duk a ciki. Daga waje kuwa ƙarar guduma ba ta yankewa, don unguwar ta masu gwangwan ce, wato tsofaffin ƙarafa, sana'ar da Alhaji Mumuni ya koma bayan ya bar goro. Na ga Yaya zaune a kan tabarma. Fuskar Inna ce sak, ta shekarun da na fara wayo. Ta kama hannuna ta riƙe gam.

A nan na tafka kuskuren da ya fi na kuka. Suna da al'ada, in baƙo ya zo a ba shi ruwa, sannan babba a gidan ya tambaye shi abin da ke tafe da shi a gaban kowa, ko da an riga an sani. Wani dattijo maƙwabci ya tambaye ni. Maimakon in tsaya a ta'aziyya, sai na kwashe saƙon Inna kaf na zube a gaban 'ya'ya da jikoki: an aiko ni in tafi da Yaya gida. Ayisha ta miƙe ta shige ɗaki. Yaya ta sunkuyar da kai ta ce, "Auta, har yanzu bakinka ba ya da murfi."

Aka ba ni ɗakin wani Badagombe da ya yi tafiya arewacin Ghana. Wanka sai an bi layi da bokiti. Abinci kuwa ban taɓa ƙoshi irin na kwanakin nan ba. Yaya sana'arta sayar da waakye, wato wake da shinkafarmu ce suka canza wa suna, suna dafa ta da karan dawa ta yi ja, a zuba taliya da gari da ganda da wani baƙin yaji mai kifi da ake kira shito. Da safe koko da ƙosai, har ma kokon Hausa suke ce masa, amma citta da barkonon da ke ciki za su sa Bazazzagi hawaye. Ranar da aka yi fufu na kama tauna kamar tuwo, jikokin Yaya suka yi ta dariya har da faɗuwa, wai haɗiya ake yi. Ayisha ce kawai ba ta dariya. Takan gaishe ni da ladabi, ta ajiye mini abinci, ta juya.

Sai da na kwana biyu Yaya ta kira ni ɗakinta da hantsi. Ta jawo wata tsohuwar kwalla daga ƙarƙashin gado, ta kwance wani ɗankwali. Kwandaloli ne na azurfa, manya, faɗinsu ya kusa cika tafin hannun yaro, kowace a cikin ɗan gidanta na roba mai haske. Na ɗauki ɗaya na kai bakin taga. Gaggafa ce. Wanda ya zana ta ya san ta: gajeren bindin nan kamar an datse, ƙafafu sun leƙo ta bayansa, fikafikai dogaye, kan nan mai kauri. A wata tana shawagi, a wata tana kan busasshen reshe ta buɗe fikafikai tana shan rana. A bayan kowace an buga sunan wata ƙasar Afirka, amma Yaya ta ce an gaya wa Alhaji a Turai ake buga su, ba don a kashe a kasuwa ba, don tunawa da tsuntsuwar kawai.

"Da aka kawo ni garin nan," in ji ta, "kullum ina kuka. Nan sama a rufe take, ga itatuwa ga hadari. Sai in riƙa ba shi labarin gaggafar dutsenmu, yadda take karkata nan ta karkata can kamar mai ɗauke da tulu biyu, jan fuskar nan tata. Shi bai taɓa lura da ita ba, ya ce ƙirƙira nake yi. Muna nan, har mun aurar da 'ya'ya, ran nan ya dawo daga Ankara yana murmushi ya ce, 'Zulai, na ga tsuntsunki a shago.' Tun daga nan in an fitar da sabuwa sai ya yi yadda ya yi ya samo mini."

Na ce, "To ni me zan yi da su?"

"Ka narkar da su. Ka yi wa 'ya'yana mata zobba, kowa ta samu abin tunawa. In zan tafi ba na son in bar abin da za a yi ta kallo ana kuka."

Ashe Ayisha tana bakin ƙofa. Ta shigo ta ce, "Wofa, kar ka taɓa, don Allah. Darajar abin nan hoton ne, in ya narke ya zama ƙarfe kawai. Na karanta ma an ce tsuntsun yana ƙarewa a duniya. Baba ya tafi, Mma zai tafi, wannan ma a ƙona?" Ta ce, "Ku kuna da shi tun yana yarinya. Mu ba mu da wani uwa."

Na mayar da kwandalar cikin ɗankwalin. Ni ɗan aike ne, kuma wadda ta aiko ni ita ma uwa ce.

Washegari da sassafe na fito na tarar da Yaya a gaban tukunyar waakye tana juyawa. Na zauna kusa da ita. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Auta, har yanzu suna shawagi a kan dutsen?"

Na so in ce e. Da na ce e, da aikina ya yi sauƙi. Amma da na nemi ranar da na ga gaggafa ta ƙarshe a raina, sai na kasa samowa. Na ce, "Yaya, rabona da ganinta tun ina saurayi. Manyan itatuwan da take sheƙa a kai an sare an yi gawayi. Masu neman sassan tsuntsaye don magani sun bi sauran. Dutsen ma masu fasa tsakuwa sun cinye gefensa na gabas. Yaran ƙauyen yanzu in ka ce gaggafa ba su san me kake nufi ba."

Ta daina juya tukunya. Sannan ta ce, "Rijiyar bakin kuka fa?" Na ce ta ƙafe. Ta ambaci ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya, ina cewa Allah ya jiƙanta, Allah ya jiƙanta, wannan tana Kaduna wurin ɗanta. Na ga kamar da bakina nake rushe mata garin da ta riƙe a ranta duk shekarun nan.

Ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Inna dai tana nan."

Na ce tana nan.

"To ita zan je gani."

Ranar ta sake kiran mu ni da Ayisha. Ta raba kwandalolin, ta ce kowace 'ya ta ɗauki tata yadda take, kada a narkar. Ta ware guda ɗaya, wadda Alhaji ya kawo ana saura kaɗan ya kwanta ciwo. Ta ce, "Wannan ita za ka narkar. Kullum Alhaji yana cewa in shekara ta zagayo zai je ya gaida surukarsa, shekara ba ta zagayo masa ba. Ka yi wa Inna zobe. Gaisuwarsa ce."

Ita da kanta ta raka ni Asawase wurin wani tsohon maƙeri, Baba Seidu, wanda iyayensa suka zo daga Damagaram. Ya ba ni aron wutarsa. Ya jujjuya kwandalar ya ce, "Kai, wannan azurfa ce zalla, ta yi laushi da yawa, sai ka ɗan sa mata jan ƙarfe." Ya yi dariya ya ce iyayenmu sun narkar da kawunan sarakunan Turai a kan tsofaffin sulalla ba su ji komai ba. Na ce haka ne, ni ma na narkar da su. Amma da na fasa gidan robar na ɗora ta a kasko, sai da na sake duban hoton. Na kunna wuta. Ta yi ja. Bakin fikafikan ne suka fara lanƙwashewa, sannan kan ya nutse, sai gaba ɗaya ta dunƙule ta zama ɗigo ɗaya mai sheƙi yana rawa. Ban taɓa jin kunyar aikina ba sai ranar. A raina na ce haka muka yi da gaggafar sama ma, kowa da hujjarsa mai kyau. Ayisha ta tsaya har na gama bugawa da gogewa. Ta karɓi zoben da ɗuminsa ta ce, "Wofa, ka dawo mana da Mma." Na ce iyakata in faɗa wa Inna abin da na gani.

Dawowarmu ba ta da wani labari, sai dai a kowace iyaka Yaya ce take yi mini tafinta, kuma katina yana aljihu.

Mun isa ƙauye da la'asar. Inna tana zaune a ƙofar ɗaki. Yaya ta durƙusa ta gaishe ta, Inna ta karkata kai ta ce, "Wannan Hausar ta wace ƙasa ce?" Sai ta miƙa hannu ta shafa fuskarta, daga goshi zuwa haɓa, ta ce, "Zulai ce." Matan gida suka fashe da kuka. Da aka natsu Yaya ta ba ta zoben, ta ce gaisuwar Alhaji ce. Ya yi wa yatsanta yawa, ni da na auna da tunanin hannunta na da. Ta sa aka zura masa zare ta rataya a wuya, ta yi wa mamacin addu'a mai tsawo.

Na bar su na koma Zariya. Bayan 'yan makonni na je duba su. Na tarar da Yaya tana yi wa Inna tsifa, wayarta a gefe tana ta ƙara, jikokin Kumasi ne suke kira. An ce kullum haka suke, safe da yamma, Inna tana saurare tana tambayar sunan kowa. Na zauna na gaishe su. Ban kai ga faɗin abin da na yi wa Ayisha alkawari ba, Inna ta riga ni.

"Sale, yarinyar nan mai aikin asibiti, kuka take in sun yi waya. Ina jin ta."

Na ce haka ne, Inna.

Ta ɗora hannunta a kan gwiwar Yaya. Sannan ta ce, "Na san irin kukan. Na yi shi shekaru. Bayan salla ka mayar musu da uwarsu."

Yaya ta ce, "Inna, ai na zo ke nan."

"Kin zo, na taɓa ki, kin yi mini tsifa. Ya ishe ni. Ƙarasa mini gefen nan, kin bar shi a tsefe rabi."